Sahu Uku

"Badaru, don Allah ajiye sungumin nan. Alhaji Umara ya cika. Bayan azahar za a yi masa sallah."

Badaru bai ko ɗago kai ba. Ruwan farko ya sauka da asuba, kuma duk manomin ƙasar Ɗanbatta ya san danshin shuka ba ya jiran kowa.

"Allah ya jiƙan Musulmi," ya ce, yana ci gaba da sara. "Lokacin da yake shugaban babban banki mun je masa maganar rijiya, masu gadi suka shanya mu a rana. Yau kuma mu bar gero saboda shi? Haba Hashimu! Waɗanda suka ci da shi su zo su sallace shi."

Hashimu ya juya ya nufi gona ta gaba. Tun hantsi yake bin gonaki, amsar ɗaya ce.

Katanga ce kawai tsakanin gidansa da na mamacin. Shi dai bai san gaskiyar abin da rediyo ta yi shekaru tana faɗa ba. Wasu sun ce Alhaji ya gyara kuɗin ƙasa, wasu sun ce shi ya sa mudun hatsi ya gagari talaka. An sauke shi, an ja shi kotu, kotu ta wanke shi, amma bakin mutane ba ya bin hukuncin alƙali. Wanda Hashimu ya sani tsoho ne da ya dawo ƙauye da ciwon suga, manyan motoci suka daina tsayawa a ƙofarsa, 'ya'yansa na ƙasar waje sai dai waya.

Jiya da la'asar tsohon ya riƙe hannunsa. "Malam Hashimu, na ji malamai na cewa wanda sahu uku suka sallata ana sa masa ran gafara. Ba yabo nake nema ba. Sahu uku kawai."

"Ai wannan mai sauƙi ne, Alhaji," in ji Hashimu. Yanzu wannan maganar ce take cin ransa.

Da aka fito da makara, Liman Sama'ilu ya waiwaya. Mutum biyar, yawancinsu tsofaffin da sungumi ya fi ƙarfinsu. Sai ya ce, "Ku tsaya biyu-biyu."

"Ni zan koma baya," in ji Hashimu.

Daga cikin zaure Hajiya Amsa, matar mamacin, ta kira shi. "Malam, sun kai ukun?"

"Sun kai, Hajiya."

Liman ya yi kabbara. Can bayan shinge ana jin saran Badaru, bai tsaya ba. Hashimu, shi kaɗai a sahu na uku, da taɓon gonakin mutane har ƙwauri, ya dubi damansa ya dubi hagunsa. Sai ya ɗan ƙara buɗe ƙafafunsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko sahun ya ƙara faɗi.