Igiyar Kafinta a Tsakar Gidana

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, muka ɗaga maƙwabcina kafinta daga bakin banɗakinsa, ni da 'yarsa. Faɗuwarsa ta uku ke nan a shekarar. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana yawo a kan katakon rufi bai taɓa zamewa ba.

"Sama ba ta kayar da ni ba, Malam," in ji shi yana haki. "Ƙasa ce ta raina ni."

Da yamma babban ɗansa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. "Baba, in ka ƙara faɗuwa, wurina za ka koma. Ba shawara na kawo ba."

Ɗan yana zaune ne a hawa na uku na wani bene. Kafinta kuwa da hannunsa ya rufa gidansa, a ciki kuma matarsa ta rasu.

'Yar, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta kawo wata tafiya da ake koya wa tsofaffi a asibitinsu, taici, wadda ta samo asali daga ƙasar Sin. A ɗan lanƙwasa gwiwa, a ajiye diddige tukuna, a bar nauyi a ƙafar baya har ta gaba ta zauna, sannan a juye shi a hankali. Na soma ba shi tarihinta, ya katse ni.

"Malam, bar Sinawan nan su huta. Ai haka ake taka katakon da ba a yarda da shi ba."

Kunyar tsofaffin yaran shagonsa ta hana shi yi a ƙofar gida, sai ya dawo tsakar gidana. Ya buga ƙusa a bango, wata kusa da famfo, ya ja igiya daidai ƙugu kamar mai daidaita layin kwano. Kullum da safe yana bin ta, ni ina zaune da jarida.

"Kafinta," matata kan ce, "kafin ka isa famfon nan wankina ya bushe."

"Uwargida, wanda ya yi sauri ai yana asibiti."

Da tafiya ta yi nisa, ƙafafunsa suka soma kumburi, numfashi ya gajarta. "Na gaji, Malam," ya ce mini wata rana. "Da can ina hawa rufi don a kira ni aiki. Yanzu ina tafiya don kada a ɗauke ni."

Wata safiya a watan Oktoba ya kai tsakiyar igiya ya tsaya, ya damƙe ta da hannu biyu. Na miƙe zan riƙe shi.

"Kada ka taɓa ni. Kawo kujera."

Na ajiye ta a bayansa. Ya lalube ta da hannu, ya sauka a kanta a hankali, yadda 'yarsa ta koya masa.

"Ka shaida, zama na yi."

"Na shaida."

Washegari ya rasu a gadonsa, ƙarƙashin rufinsa. Bayan an dawo daga maƙabarta, ɗan ya ja ni gefe, idonsa jajur.

"Baba Malam, faɗuwa ya yi?"

"A'a," na ce. "Zama ya yi."

An ba da gidan haya ga wani direba. Igiyar tana nan tsakanin bango da famfo, matata tana shanya tsumman kicin a kanta.