Tsohon Dila Ya Dawo Kan Layi

Delbert na liƙa wayar rediyo da dalma, sai ta ɗiga inda bai nufa ba. Ya yi tsaki ya kankare ta. Rediyon oba-oba ne na amininsa Orville, irin na masu lasisi, yake so ya juya shi ya kama tashar direbobin tirela. Doka ba ta yarda ba, amma lokacin da shagon gyaran rediyon Delbert na bakin babban titin Oklahoma yake tashe, har layi direbobi suke yi don wannan aikin. Yanzu kowa da wayarsa a aljihu.

Orville na zaune a baranda ya zuba wa titi kunne. Tun da ciwon suga ya cinye masa idanu ya ajiye tuƙin tirela, kwanan nan kuma ko abinci sai an lallashe shi.

"Ka gama, ko sai na mutu?" in ji Orville.

"Mutu mana in huta. Kai da ko a tuƙi ba ka taɓa isa da wuri ba."

Da Delbert ya ɗaura wayar eriya, ya damƙa masa abin magana. Orville ya gyara murya, ya kira da laƙabinsa na da.

"Tsohon Dila ne. Akwai mai ji na?"

Ba kowa sai shuuu. A da, kafin ka rufe baki mutum goma sun amsa, wani na tsokana, wani na faɗin inda 'yan sanda suka laɓe. Ya sake kira. Delbert ya sunkuyar da kai, yana da-na-sanin taɓa rediyon.

Can sai ga muryar wani matashi.

"Ina jin ka, Baba. Baƙo ne ni a hanyar nan, yunwa kuma ta ishe ni. Ina ake samun abincin kirki?"

Orville ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Yaro, ka faɗo hannun gwani. Sauka a mararrabar gaba, wajen Maybelle. Soyayyar kazarta ba ta da na biyu. Ka ce ni na turo ka, za ta ƙara maka gahawa kyauta."

Maybelle ta daɗe a kabari, wurin nata ma ya koma shagon taya. Delbert ya buɗe baki zai faɗa, ya dubi fuskar amininsa, ya fasa. Ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyon murya.