Ƙodar Ummusalma

A Magama, daf da shingen da motoci ke tsayawa kafin su ƙetara Nijar, akwai wata rumfar kwano inda Ummusalma ke sayar da shinkafa da wake. Direbobi sun san ta, ma'aikatan kwastan ma sun san ta, amma sanin bai wuce na gaisuwa da miƙa kwano ba. Shekarunta arba'in da huɗu. 'Yarta ɗaya, Fati, tana aure a Funtuwa. Idan la'asar ta yi sanyi sai ta wanke tukwane ta koma gida, ta buɗe ƙofar da ita da kanta ta kulle da safe.

Mijinta, Abdulfatah, direba ne a da. Ya yi shekara ashirin yana jigilar gero da wake tsakanin Jibiya da Maraɗi, kafin ƙafafunsa su fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Likitoci suka ce ƙodojinsa biyu sun gaza. Ya yi wata takwas ana yi masa wankin ƙoda a wani babban asibiti, daga nan aka ce a nemo wanda zai ba shi ɗaya. Aka gwada ƙanensa na farko aka tarar yana da hawan jini. Na biyun ya ce zai zo ranar Litinin, daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Ummusalma ta ce a gwada ta. Jininsu ya dace, aka yi aikin, suka kwanta a ɗakuna biyu masu kallon juna.

Abdulfatah ya miƙe. Bai koma tuƙi ba, amma ya samu aikin kula da lodi a tasha, ya yi ƙiba, yana shan magungunansa safe da yamma ba fashi. Shekara biyu suka yi haka. Rana ɗaya zazzaɓi ya rufe shi, a rana ta uku fitsari ya ɗauke, a ta biyar ya cika a Katsina.

Ranar sadakar uku mahaifiyarsa, Inna Adama, wadda ta zo daga Ɗan Issa a tsallaken iyaka, tana zaune cikin mata a tsakar gida. Ba da ƙarfi ta yi maganar ba.

"Ƙodar ce ba ta karɓe shi ba," in ji ta. "Da ta jininsa aka sa mai, da yana nan."

Ummusalma tana wucewa da buta a hannu. Ba ta tsaya ba. Amma daga ranar maganar ta samu wurin zama a ranta. Idan tana wanka hannunta ya taɓa tabon da ke gefen cikinta, ita take ji. Bayan ta fita takaba ta daina ƙetarawa gaisuwar Sallah. Da aka rufe iyaka sai ta samu uzuri, da aka buɗe kuma ba ta je ba. Su ma can ba wanda ya neme ta.

Shekara huɗu da rasuwar, wata Talata da hantsi tana tsane shinkafa, wayarta ta yi ƙara. Muryar mace ce, ta ce sunanta Dakta Leah, daga asibitin da aka yi aikin. Suna wani bincike ne, suna bin sawun mutanen da suka ba da ƙoda don su ga yadda lafiyarsu take.

"Ai wanda aka sa wa ya rasu," in ji Ummusalma.

"Mun sani, Hajiya. Allah ya jiƙansa. Ke muke nema."

Tun da aka sallami Ummusalma daga asibiti babu wanda ya taɓa tambayar ta yadda nata jikin yake. Ta ce za ta zo.

Ta rufe rumfa ranar Alhamis, ta shiga motar farko. A asibitin aka nuna mata wani dogon benci a bakin ofis. Mutum biyu kawai ta tarar a kai, wani dattijo da wata budurwa, kowa yana kallon ƙasa. Aka ɗebi jininta da fitsari, aka auna ta, aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki aka duba ta da na'ura. Bayan azahar aka kira ta.

Dakta Leah doguwa ce, da gilashi, Hausarta irin ta ƙauyukan Katsina. Ta ce mutum hamsin da uku suka kira, tara suka zo. Wasu lambarsu ta mutu, wasu kuma tun ranar da aka cire musu zare ba su sake ganin likita ba.

"Taki ƙodar lafiya lau take," in ji ta. "Jininki ne ya ɗan hau. Zan rubuta miki magani, ki rage gishiri, ki dawo bayan wata shida."

Ummusalma ta karɓi takardar ta ninke. Ba ta tashi ba.

"Likita, in tambaye ki. In ƙodar mutum ba ta da kyau, ana ganewa kafin a cire ta a sa wa wani?"

Dakta Leah ta dube ta da kyau, sannan ta jawo wani fayil mai kauri daga ƙasan sauran. Sunan Abdulfatah ne a bangon. Ta buɗe wajen ƙarshe ta juyo da shi, ko da yake Ummusalma ba ta iya karanta irin wannan rubutu.

"Wannan gwajinsa ne na ƙarshe, sati uku kafin ya rasu. Ƙodar da kika ba shi tana aiki kamar da ita aka haife shi. Da ma ina da tambayar da nake son yi miki a kansa, ina dai jin nauyi. Kafin zazzaɓin, ya yi ciwon haƙori?"

Ummusalma ta buɗe baki za ta ce a'a, sai abin ya dawo mata gaba ɗaya. Turmin haƙorinsa na hagu. Ya kwana bakwai yana fama, yana tauna kanumfari. Ranar kasuwar Jibiya ya je wurin wani mai cire haƙori da ke shimfiɗa kayansa a gindin bishiya, ya dawo da auduga a baki yana dariya da gefe ɗaya, yana cewa an raba shi da mugu. Ita ta dama masa kunu, ta ɗuma masa ruwan gishiri. Kwana biyu kuncin ya kumbura, daga nan zazzaɓi. A shekara huɗun nan ko sau ɗaya ba ta haɗa haƙorin da mutuwar ba.

Ta faɗa wa likitar duka. Dakta Leah tana rubutawa, da ta gama ta ajiye biron.

Ta yi mata bayani a hankali. Magungunan da mai sabuwar ƙoda ke sha suna kwantar da garkuwar jiki ne don kada jikin ya yaƙi ƙodar. To idan garkuwa ta kwanta, ƙwayar cutar da wani zai warke da ita cikin kwana uku tana iya shiga jinin irin su Abdulfatah ta game jiki. Idan ta game, ƙoda ko ta wane ce takan tsaya, shi ya sa fitsarin ya ɗauke. Ta ce suna aikin ne tare da likitocin haƙori, domin cikin waɗanda zazzaɓi ya ɗauke farat ɗaya sun samu da dama da ciwon nasu daga baki ya fara.

"Ba zan rantse miki ba, tunda ba a hannunmu ya rasu ba. Amma abin da takardun nan suka nuna, ba ƙodarki ba ce."

"Ina gida lokacin da ya fita," in ji Ummusalma. "Da na ce kada ya tahi, da bai tahi ba."

"Ba ki sani ba, shi ma bai sani ba. Abin da kika gaya mini yau zai shiga cikin abin da za mu riƙa faɗa wa masu zuwa."

A mota ta kira Fati. Jaririnta yana ta kuka a kusa da wayar. Fati ta saurara, ta ce, "Allah ya jiƙan Baba. Umma, bari in kira ki anjima." Ba ta kira ba. Har suka wuce Katsina Ummusalma tana riƙe da wayar tana duba sunaye, ba ta ga wanda labarin zai dama ba, in ba mutum ɗaya ba.

Ranar Asabar ba ta ɗora tukunya ba. Ta sayi goro da sabulu, ta hau acaɓa. Suka wuce shingen Najeriya, suka bi ta gefen jerin kamiyo, manyan motocin kaya, da ke jiran duwan, wato kwastan ɗin Nijar, wani jandarma ya dubi katinta ya miƙo mata. Kafin azahar tana Ɗan Issa.

Ta tarar da Inna Adama ita kaɗai a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai, idonta ɗaya ya yi fari. Sai da Ummusalma ta durƙusa ta gaishe ta sannan ta gane muryar. Ta kamo hannunta da hannu biyu ta ƙi saki.

"Ummu, ke ce? Ashe kina tuna ina duniya?"

Bayan ta sha ruwa, Ummusalma ta faɗa mata abin da likita ta ce, tun daga gwajin har haƙorin. Ta ƙare da cewa, "Don haka Inna, ba ƙodar ce ta ƙi shi ba, kamar yadda kika ce."

Tsohuwar ta karkato da kai. "Kamar yadda wa ya ce?"

"Ke, Inna. Ranar sadakar uku."

"Ni na ce haka?" Ta lalubi abin a ranta, a fuskarta kuma babu alamar ɓoyo. "Wallahi ban tuna ba, ɗiyata. Kwanakin nan ban san mi bakina ke faɗi ba. Ni da na ga kin ɗauke ƙafa, cewa na yi kina da-na-sanin abin da kika ba shi, ba ki son ganinmu."

Sai ta fara hawaye, amma a kan haƙorin. Ta ce tun yana ƙarami ba ya iya jure ciwon haƙori, ta taɓa goya shi har Maraɗi a kan haka. Ummusalma ta zauna tana saurare. Ta zo da shirin a musa mata ko a ba ta haƙuri, kuma ta tanadi amsar kowanne. Wannan ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ta jawo kwaryar gyaɗar gabanta ta ci gaba da ɓara, suka yi ta yi su biyu har inuwa ta juya.

Inna Adama ta ce ta kwana. Ummusalma ta ce gobe kasuwa ce, direbobi za su yi yawa. Tsohuwar ta ƙulle mata gyaɗar a leda, ta rako ta har zaure tana dafa bango.

Ummusalma ta koma rumfarta. Maganin hawan jinin ta sa shi cikin gwangwanin ashana don kada ta manta. Da wata shida ya cika ta koma asibiti, jinin ya sauka. Ɗan Issa kuwa sau biyu ta sake zuwa, na biyun da damina, lokacin da aka aiko mata cewa Inna Adama ta kwanta. Ta yi kwana huɗu tana jinyarta, ita ce kuma ta zuba mata ruwa da aka zo wankan gawa.