Hisabin Ƙwaryar Inno

Tasalla ce ta haddasa komai. Maƙwabciyarmu ce a Roni, kuma magana ba ta kwana a cikinta. A kasuwa ta ji wai Yaya Lauwali hisabin taurari yake karantawa a jami'a, ta kwaso da zafinta ta juye wa Inno, mahaifiyarmu, tun Inno ba ta sauke ƙwaryar nono daga ka ba.

Mu a wurinmu mai hisabin taurari ɗan duba ne, mai faɗa wa mutane abin da Allah ya ɓoye. Inno ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Daminar 1976 ce, gwamnati ta ba Yaya gurbin ƙaro karatu a Ingila, saura mako guda jirginsu ya tashi daga Kano. Ya zo neman albarka, ta juya masa baya. Shi kuwa ya ce ko tasha ba zai taka ba sai ta sa masa. Na san taurin kansa, zai aikata. Haushin Tasalla ya cika ni har wuya.

Da hantsi Inno tana dama fura a tsakar gida, Yaya ya zo ya durƙusa gefen tabarma. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi.

"Inno, don Allah juya ludayin sau uku ki cire," in ji shi.

Ta ja tsaki, amma ta juya. Nonon ya ci gaba da zagaye shi kaɗai, gudajin fura suna binsa.

"To, aikina ke nan. Taurari ba a kafe suke ba. Dubun dubbai ne a curi guda, suna zagaye kamar gudajin nan. Ba mai iya bin su ɗaya-ɗaya, sai mu ɗauke su kamar ruwa mai gudana, mu yi musu lissafin da ake yi wa ruwa. Wallahi ban san goben kowa ba, ko tawa."

Inno ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Can ta ce wa ƙwaryar, ba shi ba, "Na tsakiya sun riga na gefe kewayowa."

"Sai da na cika takarda arba'in na gano haka."

"An yi asarar takarda. Da an tambaye ni."

Dariya ta kubce mini, ta harare ni. Sai ta nuna wani gudaji da bakin ludayi, can gefe yana tafiya a hankali. Muryarta ta yi ƙasa.

"Wannan da ya yi nisa fa? Ficewa zai yi?"

"A'a, Inno. Nauyin sauran yana riƙe da shi. Duk nisansa, da su yake zagayawa."

Ta tura masa ƙwaryar. "A sha. Allah ya yi albarka, ya tsare hanya." Ta miƙe da sauri wai za ta duba maraƙi, alhali maraƙin yana kwance a gabanmu. Ni kam ban ɓoye ba, kuka na yi.

Shekara huɗu Yaya ya yi a Ingila. Inno da ba ta barin gudaji a furarta, kullum sai ta bar guda ɗaya a gefen ƙwarya ba ta murƙushe shi ba. Na gani, ban taɓa ce mata komai ba.