Sabar Atine da Tsohon Agogo

A kakar 2017 Atine ta yi hayar saba uku, wato kwamfutocin da ke aiki dare da rana a intanet. Ta rubuta umarni guda da ke saita su, suna aika wa direbobin garin Gadarif saƙon lokacin kwasar masu yankan dawa zuwa gonakin Gedambaliya. Kwatsam saƙo ya fara fita awa guda kafin lokaci. Kwana biyu tana bin umarnin layi-layi, ba ta ga kuskure ba.

Mahaifinta, Alhaji Sharu, ya ajiye mata shayi. "'Yata, kin gaya wa injinan nan hukuma ta mayar da agogo baya? Ni ma ban gyara nawa ba."

Ta kwashe da dariya, ta ƙara layi ɗaya na sabon lokacin a umarnin, duka ukun suka daidaita.

Ta ce wa mahaifin nata, "Wallahi Yaba, gobe ma ka zo aiki."