Masu Son Ganin Bayan Inna

Inna Hure ta shinshina kofin, ta ture shi da bayan hannu.

"Wa ya aiko ki?"

"Inna, ni ce fa, Sakinatu matar Basiru. Maganin wankin ciki ne. Gobe likita zai duba hanjinki."

"Basirun nawa? Ko kaciya ba a yi masa ba."

To, haka gidan yake tun da rikicin tsufa ya kama Inna. Ga kuma jini da ake gani a bahayarta tun damina. Likita a Kano ya ce sai an zura na'ura, a yi mini afuwa, ta baya, kuma sai hanjin ya wanku tas: ba tuwo, ba fura, sai wannan magani jarka guda. In bai shiga cikinta ba, tafiyar ta tashi a banza. A wannan shekarar da gero ya gagari mai gona, buhun wake na ƙarshe Basiru ya kai kasuwar Dawanau ya sayar saboda tafiyar.

"Kun hana ni tuwo, kun kawo mini ruwa mai gishiri-gishiri. Ni za a nuna wa sammu? Sha in gani."

Sakinatu ta ɗan taɓa kofin da baki, tana tsoron kada maganin ya gaza.

"Leɓe kika jiƙa, munafuka. Haɗiye."

Ta kurɓa. Inna ta tsare maƙogwaronta da ido har ya motsa, sannan ta karɓa ta shanye.

Kafin kofi na gaba, Inna ta manta da na farko. Wa ya aiko ki, sha in gani. Haka suka yi ta yi har inuwar darbejiya ta haye katanga. Da cikin Inna ya motsa, Sakinatu ta riƙa tallafarta zuwa banɗaki. Ta wanke ta, ta sauya mata zani, ta shanya wancan a bayan rumbu kada maƙwabta su gani.

Ana kiran la'asar cikin Sakinatu ma ya murɗa, ta ruga banɗaki.

Da ta fito tana dafa bango, sai ga Inna a bakin ƙofa, ta ciko mata buta.

"Ke ma sun ba ki?" ta tambaya da raɗa.

"Sun ba ni, Inna."

"Ban faɗa ba? Akwai masu son ganin bayanmu."

Sakinatu ta tuna likita da na'urarsa, ta cije leɓe kada dariya ta kuɓuce mata.

Saura kofi ɗaya a jarkar. Ta tsiyaya, ta ɗaga za ta kurɓa kamar yadda aka saba. Inna ta cafke hannunta, ta waiga hagu da dama.

"Kawo nan. Ke yarinya ce, ko wace ce ke, kina da sauran kwana a gaba."

Ta kafa kai ta shanye, ta kife kofin a ƙasa.