Giwan Ruwan Kawu Lawal

"Ba zan ɗaura ba, Kawu."

Mardiya ta faɗi haka tana durƙushe a cikin jirgi tana jera ƙugiyoyi, ko kai ba ta ɗaga ba. Kawu Lawal yana tsaye a kan matattakalar dutse ta bakin kogin Nilu a Ma'adi, hannunsa na dama naɗe da bandeji kamar na ɗan dambe.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan ɗaura wa baƙo kifi a ƙugiya ba. Sauran aikin duk zan yi. Zan sa koto, zan nuna wuri, zan dafa shayi."

"La ilaha illallahu! Ke da wa kike magana?"

"Da kai, Kawu. Allah ya huci zuciyarka."

Kawu Lawal ɗan'uwan mahaifiyarta ne na nesa. Karatu ya kawo shi Alƙahira tun kafin a haife ta, karatun bai karɓe shi ba, garin kuwa ya karɓe shi. Da ya lura Turawan Ma'adi da manyan baƙi daga gida suna son a zaga da su a ruwa, sai ya yi hayar faluka, irin jirgin nan na Misirawa da iska ke turawa, ya buɗe sana'ar kai mutane kamun kifi. Matsalarsa ɗaya ce, bai san kifi ba sai a kwano.

Mardiya kuwa 'yar Yawuri ce, 'yar masunta gaba da baya. Tun tana goye take jin ƙarnin taru. Ta ci jarrabawa ta zo kwalejin 'yan mata ta Azhar, tana zaune a Abbasiya ɗaki ɗaya da ƙawarta Dije. Ranar da Kawu ya ga yadda ta dubi ruwa ta ce, "Can ƙarƙashin ciyawar can akwai karfasa," aka jefa aka samu, ranar ya ɗauke ta aiki. Duk Juma'a da sassafe takan shiga bas, ta sauka ta hau jirgin ƙasa mai zuwa Helwan, ta sauka a Ma'adi. Abin da take samu shi ke riƙe ta idan tallafin karatu ya yi nawa, kuma ya saba yin nawa. In an dawo daga ruwa, matar Kawu ta tuƙa tuwo da miyar kuka, abin da ba a samu ko'ina a garin nan. Amma ba aikin ba ne ko tuwon ya fi damunta. Ruwan ne. Rana ɗaya ce a mako take jin ƙafarta a kan abin da ke lilo, take jin kamar tana gida.

Sai dai Nilu ya canja. Tsofaffin masunta sun ce da, farkon kaka irin wannan, ruwa kan zo ja wur da laka, kifi ya biyo shi. Tun da aka datse kogin a Aswan, ruwan ya kwanta, manyan kifaye suka yi wuya. Baƙi kuwa ba su san wannan ba, babban kifi suke so su ɗaga a ɗauke su hoto.

Nan Kawu ya yi dabara. Ya sayi wani giwan ruwa da ransa a hannun wani masunci, kifi mai tsawon yaro ɗan shekara biyar, ya sa shi a kejin waya, ya rataye kejin cikin ruwa a jikin wani tsohon jirgin dakon duwatsu da ya lalace kusa da wani tsibiri. Ya raɗa masa suna Basha. In an kawo baƙo mai nauyi, sai a tsaya a wurin. Kawu ya ce zare ya sarƙe, ya zagaya bayan rumfar jirgi, ya maƙala ƙugiyar a leɓen Basha, ya buɗe keji. Baƙo ya yi ta kokawa yana zufa, a ɗauki hoto, sannan Kawu ya ce al'adar kogi ce a saki babban kifi. Sai ya zagaya ya "saki" Basha cikin kejinsa. Hotunan da ke bangon ofishin Kawu, fuskokin mutane ne kawai suka bambanta.

Mardiya ta sani, ta kuma faɗa masa tun farko cewa hannunta ba zai shiga ba. Bai damu ba tunda shi yake yi. To, makon jiya Basha ya gaji da aikin, ya tsage wa Kawu tafin hannu da ƙashin kumatunsa mai kaifin aska. Ga shi yau ana jiran babban baƙo.

"Ke dai tsaya ki ji, 'yar nan," Kawu ya sassauta murya. "Wa aka cuta? Baƙo ya ji daɗi, kifi ya koma gidansa, mu mun ci abinci. Ina laifin?"

"Baba ya ce kifi rabo ne. Wanda ya ɗaura wa mutum kifi ya yi ƙarya da sunan ruwa. Kuma ni ake cewa na san kogi. In na ɗaura sau ɗaya, duk karfasar da na taɓa nunawa ta zama ƙarya."

"Babanki yana Yawuri! Nan Masar ce."

"Ruwa dai ruwa ne, Kawu."

Ya juya wajen matuƙin jirgin, wani dattijon Bamisire mai suna Ammu Sabir, wanda ke zaune yana shan shayi kamar ba ya nan. Ammu Sabir ya ɗaga tafukansa biyu. "Ni da iska nake aiki, ya Hajj. Kifi tsakaninku."

Kawu ya dawo kanta, ya nuna ta da hannun bandeji. "To ji nan. In baƙon nan ya sauka yau bai ɗaga Basha ba, ƙafarki ba ta ƙara taka jirgin nan. Khalas, magana ta ƙare."

Ta ci gaba da jera ƙugiyoyi. "Na ji, Kawu."

Baƙon ya iso da babbar riga shuɗiya da kyamara mai fitar da hoto nan take rataye a wuya. Alhaji Kamilu ke nan, falken fatu daga Damagaram, mutum mai ƙiba da dariya. Ya tsaya yana duban kogin yana girgiza kai.

"Duk wannan ruwa, kuma ba mai shi? A garinmu da an sa mashi ƙofa da kwado!"

Aka shigar da shi da ƙyar, jirgi ya karkata, ya riƙe wuyan Ammu Sabir yana cewa, "Doucement, bawan Allah, a hankali!" Da ya zauna ya ga Mardiya tana sa tsutsa a ƙugiya, sai ya buɗe baki.

"Malam Lawal, wannan ɗiyar ita za ta koya mani?"

"Ita ce, Alhaji. 'Yar makaranta ce. Baki gare ta, amma ta san ruwa."

"Madalla. Ɗiyata, ni fa kifin da na sani busasshe ne, a buhu yake zuwa."

"Yau za ku ga mai rai, Alhaji, in Allah ya ba da rabo."

Zafin bazara ya karye, iska mai sanyi tana busowa daga arewa, jirgi ya miƙe kudu yana yanka ruwa. A bakin gaɓa dabino ya nuna ja da rawaya, mata suna wanke tukwane. Mardiya ta sa Ammu Sabir ya raɓa wata kwana inda ciyawa ta kwanta a ruwa. Ta nuna wa Alhaji yadda ake riƙe sandar fatsa, ta ce ya zuba wa ɗan ɓawon da ke yawo a saman ruwa ido, in ya nutse ya fizga.

Ɓawo ya nutse. Alhaji ya fizga da ƙarfin da zai ɗaga raƙumi. Wata karfasa da ba ta fi tafin hannu ba ta yi sama, ta wuce kan Kawu, ta faɗo cikin tiren shayi.

"Allahu Akbar! Na kama! Voilà, ga ta nan! Malam Lawal, ka gani? Ni Kamilu!"

Ya hana a taɓa ta sai da ya ɗauke ta hoto. Daga nan abin ya shige shi. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, yana yi wa kifaye kirari yana zagin waɗanda suka cinye koto suka gudu. Kafin azahar bokiti ya kusa rabi. Mardiya ta fara sa rai ko ya manta da babban kifi.

Bai manta ba. Bayan sun yi salla ya ce, "To, Malam Lawal, ina irin wancan na bangon ofis? Na yi wa mutanen kasuwa alkawari."

"Yanzu kuwa, Alhaji. Yalla, ya Sabir, mu je tsibiri."

Suka ɗaure a jikin tsohon jirgin duwatsu. Kawu ya sa aka jefa wa Alhaji zare mai kauri ta bayan jirgi, ya jira kaɗan, ya ce, "Af, ya sarƙe. Mardiya, zagaya ki warware."

Ta leƙa. "Bai sarƙe ba, Kawu."

"Na ce ya sarƙe!"

"Ga shi nan a miƙe."

Suka dubi juna. Idanunsa suna cewa tashi, ita kuwa ta ɗauki buta ta fara zuba wa Alhaji shayi. Ko ɗigo bai zube ba.

Kawu ya yi ƙwafa ya zagaya bayan rumfa da kansa. Daga inda take zaune tana hango shi, ya kwanta rub da ciki a bakin jirgi, ya kama ƙugiya da haƙori, yana zare sakatar keji da hannun hagu. Ta hango Basha yana juyi a ƙasa, leɓensa duk ya yayyage. Ƙofa ta buɗe tun Kawu bai shirya ba. Ya kai hannu ya cafki kumatun kifin, kifin ya yi wata irin girgiza, sai ga ƙafafun Kawu a sama.

Tsulum!

"Subhanallahi! Mene ne?" Alhaji ya miƙe, jirgi ya karkata.

"Kawu ne ya faɗa. Ku zauna, Alhaji, kada mu bi shi!"

Kawu bai iya ruwa ba, shekara ashirin da wani abu a bakin Nilu. Ya ɓullo yana haɗiyar ruwa, rigarsa ta kumbura kamar laima. Mardiya ta zari doguwar gorar nan mai ƙugiyar ƙarfe da ake jawo jirgi da ita, ta kafa ƙafa, ta saƙalo wuyan rigarsa ta baya. "Kada ka yi kokawa, Kawu! Saki jikinka!" Ta jawo shi a hankali, yadda ake jawo babban kifi, har Ammu Sabir ya kama shi ta ɗamara suka mirgino shi ciki. Tana cikin jawo shi ne suka ji ƙaras. Alhaji ya ɗauki hoto.

Basha kuwa ko sallama bai yi ba. Bayansa kawai suka gani sau ɗaya, fari kamar azurfa, ya nufi tsakiyar kogi.

Da aka tabbata Kawu yana numfashi, Alhaji ya leƙa ya ga keji a buɗe yana lilo. Ya dubi kejin, ya dubi Kawu da ke tsiyayar ruwa. Can sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna daɓas.

"Ashe kifin ma ma'aikaci ne! Malam Lawal, ka biya shi haƙƙinsa kuwa kafin ya aje aiki?"

Ya fifita hoton har ya fito. Ga Mardiya riƙe da gora, ga Kawu rataye a bakin gorar, hularsa tana tafiya a ruwa. "Wannan zan kai kasuwa. Wallahi ba wanda ya taɓa kamo irinsa."

Suka sauka a tsibiri, Ammu Sabir ya hura wuta ya gasa karfasa da gishiri da lemun tsami, suka ci da gurasa. Alhaji ya rantse bai taɓa cin kifi mai daɗin wanda ya kama da hannunsa ba. Kawu yana gefe lulluɓe da babbar rigar baƙo, bai ci ba.

Da suka iso Ma'adi da la'asar, Alhaji ya ce, "Malam Lawal, ka riƙe ɗiyar nan da kyau. Ita ce jarinka, ba wancan kifin ba." Kawu ya ce to. Ya jira motar baƙo ta ɓace, sannan ya juyo.

"Da kin tashi lokacin da na ce ki tashi, da kifina yana nan, da mutuncina yana nan."

"Haka ne, Kawu."

"Ba ki da abin cewa?"

"Sannu da jiƙa. A canja bandejin nan kada ya ruɓe."

Ta ɗauki jakarta. Ammu Sabir ya biyo ta har matattakala, ya tura mata sauran gasasshiyar karfasa a takarda. "Ma'alesh, ya binti. Yi haƙuri, 'yata." A Abbasiya ita da Dije suka cinye, Dije tana dariya har da hawaye, tana cewa a sake ba ta wurin da ƙafafun Kawu suka yi sama. Mardiya ta sake ba ta, ita ma tana dariya.

Kawu bai janye maganarsa ba, ita ma ba ta je ba da haƙuri ba. Sanyin shekarar nan da wake da gurasa ta fitar da shi, da tsohuwar rigar sanyin Dije, tana koya wa 'ya'yan mai gidansu Turanci a madadin haya. Tuwon Juma'a ya yanke. Ranar salla ta je gaishe shi, ya amsa daga cikin ɗaki. Shekara biyu da suka rage mata a Alƙahira har ta karɓi digirinta, ba ta ƙara shiga jirgi ba, Nilu sai dai ta hango shi ta tagar bas in ana haye gada. Wannan shi ya fi yi mata ciwo, kuma ta san haka zai kasance tun safiyar da ta ce ba za ta ɗaura ba.